Ragon gashi ɗungurungum: daga turke zuwa kan garwashi

Wanda ya ƙuduri gasa rago ɗungurungum ranar suna ko walimar aure, yawanci a kara yake tafka kuskurensa na farko. Ya shiga Jega ko Kamba, ido ya faɗa kan ƙaton Balami mai murɗaɗɗen ƙaho, dillali yana zuga shi, sai ya saya. Irin wannan rago na layya ne da a-zo-a-gani. Idan ka ɗora shi kan sandar ƙarfe, waje zai ƙone ƙurmus, cinya kusa da ƙashi kuwa tana nan da jininta. Ragon gashi matsakaici ake so: wanda ranar yanka nauyinsa zai kama kilo 30 zuwa 38. Bayan an cire fata, kai, ƙafafu da kayan ciki, abin da ke saura bai cika kai rabi ba, wato kilo 14 zuwa 18. Wannan zai ishi mutum talatin zuwa arba'in idan akwai shinkafa ko masa a gefe. Idan taron ya fi haka, raguna biyu matsakaita sun fi ƙato ɗaya sauƙin sarrafawa, kuma sun fi daɗi.

A nan Kebbi, Uda ne ya fi yawa, wanda rabinsa na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari. Doguwar ƙafa gare shi da babban ƙashi, yana kuma ɗaukar lokaci kafin ya cika. Ɗan ƙasa, mai fari da ɗigon baƙi a ido da baki, ya fi shi gajarta da dunƙulewa, ya fi jure wahala, kuma a ganina shi ya fi zama daram a kan sanda. Ko wanne ka ɗauka, buɗe bakinsa. Haƙoran gaba na ƙasa su ne takardar haihuwarsa. Idan duka ƙanana ne na nono, bai cika shekara ba ko yana dab da ita. Idan manya biyu sun fito a tsakiya, yana tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, kuma shi ne abin nema. Manya shida ko takwas, tsoho ne, namansa sai tukunya. Ja fatar idonsa ta ƙasa: ja-ja ake so, idan ta yi fari fat tsutsa ta sha jininsa. Duba ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburi mai taushi, duba hanci ko yana majina, duba bayansa ko kashi ya ɓata shi. Mai tari, mai ɗingishi, mai tsayuwa shi kaɗai da kai a sunkuye, bar wa dillali kayansa ko da ya karya kuɗin.

Turka ta wata uku ta isa. Ragon da aka saya yana kilo 25, idan yana samun abinci yadda ya kamata, yakan ƙara giram 100 zuwa 150 a rana, don haka cikin kwana 90 zai kai inda ake so. Mai jiran haihuwa sai ya saya tun cikin yana wata shida. Wuce wata huɗu asara ce: daga nan yawanci kitse yake tarawa, kitsen kuma cikin wuta zai tsiyaye.

Makonnin farko na magani ne da sabo. A ware shi daga sauran dabbobin gida kamar kwana goma sha huɗu, saboda kara matattarar cuta ce. A ba shi maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinsa, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku. Yawancin masu kiwo da ido suke auna magani, su ba da ƙasa da ƙima, tsutsar ta ƙi mutuwa kuma ta saba da shi. Sikeli mai ƙugiya da buhu sun isa a auna rago. Idan daga fadama ya fito, wajen Argungu ko bakin gulbi a Yawuri, a gaya wa malamin dabbobi, don tsutsar hanta ta fi yawa inda ruwa ke kwanciya, kuma ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba. A yi masa rigakafin annobar nan ta awaki da tumaki mai kawo majina, gyambon baki da zawo; allurar da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ce ake amfani da ita. A cire kaska, a datse kofato idan ya yi zaƙo-zaƙo.

Wurin ɗauri ya zama da inuwa, iska na ratsawa, ƙasa a bushe. Igiya ta kai mita biyu, a ɗaura ta yadda ba za ta shaƙe shi ba idan ya zagaya turke. A riƙa share kashi, a zuba sabon yashi. Danshin fitsari yana taimaka wa ruɓewar kofato, warinsa kuma yana kama gashin jikin ragon. Leda kuwa a tsince ta kamar ana tsintar kuɗi. Ragon da ke ci amma yana ramewa, cikinsa ya yi tauri, sau da yawa idan aka yanka sai a tarar da dunƙulen leda a tumbi.

Yanzu abinci, inda aikin yake. Rago yana cin busasshen abinci kimanin kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyinsa a rana. Mai kilo 30 ke nan zai ci kilo ɗaya da ɗan ɗori. Fiye da rabin wannan ya zama harawa, ta wake ko ta gyaɗa, mai ganye, wadda ba ta yi funfuna ba: giram 600 zuwa 700. Sauran giram 400 zuwa 500 haɗi ne. Haɗin da ba ya ba da kunya shi ne awo shida na dusa, awo biyu na kowar wake, awo biyu na ƙuli-ƙuli dakakke ko tunkuzar angurya, da gishiri kamar cokali ɗaya a kowane kilo. Dusar gero, ta masara, ta alkama, duk suna yi. Dusar shinkafa tana da arha a nan saboda yawan injinan casa, amma a shafa ta a tafin hannu kafin a saya: idan tana kartar hannu, ƙaiƙayi aka niƙa a ciki, cika ciki kawai za ta yi. 'Ya'yan gawo idan an samu a rani, ƙari ne mai kyau. A raba haɗin biyu, safe da yamma, kuma a fara ba shi harawa kafin dusa.

Kada a fara da giram 500 ranar farko. A fara da kamar 100, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako biyu. Tumbin rago yana da ƙwayoyin halitta masu narka abinci, kuma suna buƙatar lokaci su saba da hatsi. Idan aka tula masa dusa ko tsaba farat ɗaya, tumbin ya yi tsami, sai ka ga ya daina ci, yana zawo mai wari, yana cizon haƙora, wani lokaci ya kwana bai tashi ba. Haka ragowar tuwo da shinkafar biki da mata kan juye masa don tausayi. Ɗan kaɗan ba laifi, roba guda kuwa tana iya kashe shi.

Akwai wata cutar da masu turka ke yawan ɗora wa sammu ko baki, alhali daga kwanon dusa take. Rago ya riƙa yunƙurin fitsari yana kuka, sai ɗigo-ɗigo ko babu gaba ɗaya, yana harbin cikinsa. Tsakuwa ce ta toshe masa hanya. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Idan aka cika ta, aka rage harawa, ruwa kuma bai wadata ba, sai tsakuwar ta haɗu a mafitsara. Hanyar fitsarin rago siririya ce, ba ta da wuyar toshewa. Rigakafinta harawa isasshiya, musamman ta gyaɗa da wake, gishiri don ya riƙa jin ƙishirwa, da ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana. A bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, zai iya shan lita biyar ko fiye. Kanwa, wadda kowa ya gada yana jiƙa wa dabba, a taƙaita ta, ɗan ƙanƙane sau ɗaya ko biyu a mako. Idan fitsarin ya riga ya tsaya, magana ta koma hannun likitan dabbobi a ranar, in kuwa babu shi kusa, yanka ya fi jira.

Abu uku kuma a kiyaye. Gyauron dawa, wato sabon tohon da ke fitowa bayan girbi, yana da guba mai kashewa cikin ɗan lokaci. Abincin kaji ko na shanu na kamfani bai dace da tumaki ba, domin sinadarin tagullar da ke ciki yana taruwa a hantarsu. Ƙuli mai funfuna ko ɗaci, a zubar. Idan kuwa ciki ya kumbura ta hagu kamar ganga bayan ya ci ɗanyen ganye, a tsayar da shi gabansa ya fi bayansa tudu, a ɗura masa man gyaɗa kamar rabin ƙaramin kofin shayi a hankali ta gefen baki, a murza cikin, a aika a kira malamin dabbobi.

Maganar da aka fi sakaci da ita: allura dab da yanka. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman, kuma a rubuce suke a jikin kwalba. Allurar kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki takan kai mako huɗu. Ban da ragowar magani da baƙi za su ci, wurin da aka soka allurar a cinya yakan bar tabo mai ɗaci da sai an yanke. Saboda haka duk wani magani a gama shi a wata na farko da na biyu. A watan ƙarshe, daga harawa sai dusa sai ruwa. Don sanin ko ya kai, ɗora hannu a gadon bayansa bayan haƙarƙari: idan kana jin ƙashin amma sai ka ɗan danna, ya yi daidai. Idan ƙashin na sukar hannu da saura, idan ba ka jin sa ko kaɗan ka wuce gona da iri.

Ana gobe yanka, a ɗauke abinci tun la'asar, a bar masa ruwa. Awa 12 zuwa 18 ba ci yana rage cikar tumbi, fiɗa ta yi sauƙi, ba a fasa hanji a kan nama. A hana yara guje-guje da shi ko haɗa shi karo. Dabbar da ta galabaita kafin yanka namanta kan yi duhu, ya bushe, ya yi saurin lalacewa. Idan na suna ne, tun a daren a daidaita da matan gida kan rabon da al'ada ta tanada wa mai jego, ungozoma da wanzami, don kowane gida da yadda ya saba. Kada sai an ɗaure rago a sanda a zo ana neman cinya.

Yanka da sassafe, bayan asuba. Wuƙa mai kaifi, wadda ba a wasa a gabansa ba, a fuskantar da shi alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu a tafi ɗaya. A bar shi jini ya gama fita, ya daina motsi, kafin a taɓa fata. Idan ba ka saba fiɗa ba, ɗauko ɗaya daga cikin rundawa, kuɗinsa bai kai ɓarnar da za ka yi ba. Amma ka gaya masa tun farko cewa na gashi ne ɗungurungum, don hannunsa ya saba da sassarawa. A rataye shi ta ƙafafun baya. Hannun da ya riƙe gashi kada ya taɓa nama. Hura iska ƙarƙashin fata da famfon keke ya fi hurawa da baki tsabta. A ƙulle maƙoshi da ƙarshen hanji da zare kafin a zaro kayan ciki. A tsaga ciki daga mara zuwa bakin ƙirji kawai, kada a raba ƙashin ƙirji, shi ne ke riƙe siffar ragon a sanda. Maɗaciya a cire ta a hankali. Idan ta fashe, a yanke duk inda ta taɓa, wanki ba ya fitar da ɗacin. Dubi hanta: idan ta yi tauri da fararen hanyoyi, ko ka tsaga ka ga tsutsa mai faɗi kamar ganye, jefar da ita. Tantanin kitsen da ya lulluɓe tumbi kuwa a ajiye shi a ruwan ɗumi, yana da aiki nan gaba. A gefen cinya da gaban kafaɗa akwai 'yan kaluluwa a cikin kitse, mahauci ya san su, a ciccire. Babbakar kai da ƙafa da itace za a yi, ban da taya da roba.

A goge cikin da tsumma mai tsabta, kada a yi ta kwarara ruwa. Jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja a wuta, dahuwa yake yi. A rataye shi a inuwa awa ɗaya zuwa biyu ya sha iska, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda. A yanayinmu kada ya wuce haka a waje, sai dai in akwai firji babba da wuta tsayayya, a nan kwana ɗaya cikin sanyi yana ƙara masa taushi.

Kayan shafi na rago mai kilo 16 bayan fiɗa: gishiri giram 200, tafarnuwa kai huɗu, citta ɗanya cikin hannu biyu, masoro cokali uku, kanumfari cokali ɗaya, kimba ƙwaya biyar an cire 'ya'yan saboda ɗaci, albasa manya huɗu, ta Aliero in ta samu, ruwan lemon tsami goma, man gyaɗa rabin lita. A kirɓa, a soka wuƙa a cinya da kafaɗa wurare da dama, zurfin ɗan yatsa, a cusa. A shafe ciki sosai. Yajin ƙuli da barkono a ajiye su gefe. Ƙuli yana ƙonewa cikin minti kaɗan. Wanda ya shafa shi tun farko zai sauke rago baƙi mai ɗaci.

Sandar ta zama ƙarfe mai tsawon mita biyu, kaurin inci ɗaya, mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye don ba ya sulɓi a cikin nama. A guji bututun ruwa mai farin rufi, rufin nan yana tashi idan ya ji wuta. Mai walda ya yi mata mariƙi a gefe ɗaya, da ƙugiyoyi biyu masu yatsu da noti, ɗaya ta kama cinyoyi ɗaya ta kama kafaɗu. Ginshiƙai biyu su kasance da matakai uku, a santimita 40, 55 da 70 daga garwashi. Sandar ta shiga ta baya, ta bi ƙarƙashin ƙashin baya, ta fita ta wuya. Sannan a huda ta gefen ƙashin baya wuri uku ko huɗu, a zura waya marar fenti, a ɗaure ƙashin da sandar tamau. Wannan ɗauri shi ne gashin. Nama yana tsukewa idan ya ji wuta, abin da ya yi kamar ya ɗauru da safe zai saki bayan awa biyu, sanda ta riƙa juyawa rago yana tsaye da gefe ɗaya a wuta. Shi ya sa ake ajiye filaya a kusa, a riƙa ƙara murɗa wayar. A miƙe ƙafafu a ɗaure su jikin sanda, a zuba albasa a ciki, a ɗinke cikin. Kafin a kai wuta mutum biyu su ɗaga su juya; idan gefe ɗaya yana rinjaya, a kwance a gyara yanzu.

Gawayi kilo 20 zuwa 25 zai yi, na kirya ya fi daɗewa, itacen marke busasshe ma yana ba da garwashi mai kyau. Ɗanyen itace, katako mai fenti, da kananzir, duk suna barin ɗanɗanonsu a nama. A hura wuta minti 45 kafin a ɗora, sai garwashi ya yi farin toka. Kada a shimfiɗa shi ƙarƙashin ragon kai tsaye. A yi tsibi biyu, ɗaya daidai cinyoyi ɗaya daidai kafaɗu, a ɗan ja su gefe, tsakiya a bar ta kusan fayau, don haƙarƙari da gadon baya ba su da kauri. Ƙarƙashi a sa tire ko yashi ya tari kitse, in ba haka ba harshen wuta zai tashi ya yi wa naman baƙin hayaƙi. A hura wata wutar a gefe, daga can ake ɗebo sabon garwashi da shebur duk rabin awa. Sabon gawayi kai tsaye yana kashe zafi, yana kawo hayaƙi. Idan lokacin hunturu ne, a jera bulo ta gabas da arewa a tare iska, don iskar tana iya ƙara maka awa guda.

Gwajin zafi da hannu ne: sa tafinka daidai inda naman yake. Idan ka iya ƙirga shida zuwa takwas kafin ka janye, wutar ta yi. Idan uku, ta yi yawa, ɗaga sanda. A fara a matakin sama awa ta farko, a sauko na tsakiya. Juyi a hankali ba tsayawa ya fi, in babu hali a juya kwata duk minti biyar. Duk minti ashirin a shafa man gyaɗa da ɗan gishiri. Bayan awa ɗaya da rabi a lulluɓa tantanin kitsen nan a gadon baya, a kafe shi da tsinke, zai narke sannu a hankali ya hana wurin bushewa. Rago mai kilo 16 yana cin awa huɗu da rabi zuwa biyar da rabi. Wanda aka ɗora da ƙarfe tara na safe, a yi wa baƙi alkawarinsa bayan la'asar, kada a ce azahar.

Masu tareni irin na layya, wanda ake buɗe rago a baje shi kan sanduna biyu a gicciye a jingina kewaye da wuta, nasu ya fi sauƙin kayan aiki, amma wani abu ne daban. Ya fi daɗewa, naman ya fi tsanewa, domin asali don ya jure ajiya kafin suya ake yin sa. Idan shi za ka yi don ci a ranar, fuskantar da ɓangaren ƙashi ga wuta kusan kashi biyu cikin uku na lokacin, cinyoyi a inda zafi ya fi, kuma ka ninka yawan shafa mai.

Sanin ya nuna: soka siririyar wuƙa a tsakiyar cinya har ta taɓa ƙashi, bar ta daƙiƙa goma. Ruwan da ya fito ya zama garau, ba ja ba, ƙarfen kuma ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi a bayan hannu ba. Mai ma'aunin zafin nama ya nemi digiri 75 a cinya da kafaɗa. Idan ana son ya riƙa saɓulewa daga ƙashi, a bar shi ya haura 85. Minti goma sha biyar na ƙarshe a sauko matakin ƙasa, a shafa mai, a barbaɗa yajin ƙuli, a juya da sauri. A sauke, a rufe, a ba shi minti ashirin kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba romon zai ƙare a tire. A ƙirga wayoyin da aka ɗaura, a tabbatar adadinsu aka cire. A fara da kafaɗu, sai cinyoyi, sai gadon baya a yanka shi a gicciye, haƙarƙari a ƙarshe. Tiren da ya ɗauki ɗanyen nama da safe kada a zuba gasasshe a kai sai an wanke shi da sabulu. Abin da ya saura kada ya wuce awa biyu a fili. A zare shi daga ƙashi a soya cikin kitsensa tun a daren, ƙasusuwan kuma a tafasa su da kai da ƙafa don romon safe.